Ranar da na kwance salansa a garejin Baffa

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya. Yayyafi ake yi irin na Manchester wanda ba ya jiƙa mutum sai a hankali, Stockport Road kuwa babu kowa sai motocin bas masu haske a ciki da masu shaguna suna ɗaga ƙofofi. Mu uku ne: ni, da ƙanena da muka ɗauko a gidanmu na Longsight, da wani abokina ɗan Jos da muka yi uni, wato jami'a, tare, wanda yanzu yake kai wa mutane kaya da van ɗinsa. Shi ne direba. Na ce zan zuba mai, ya ce in bar shi, abin da yake roƙo kawai in daina tambayarsa ko ya duba iskar taya.

Babur ne ya fitar da mu. Ƙanena a nan aka haife shi, bara ya shiga uni, kuma tun yana sakandare hankalinsa yake kan baburan nan na tsere a cikin taɓo, masu dogayen ƙafafu, waɗanda ba a hawa titi da su sai filin da aka keɓe. Ya daɗe yana karɓar haya, har ya tara na sayen nasa daga aikin ƙarshen mako. Mama ta ƙi, ta sake ƙi, daga baya ta yarda bisa sharaɗi ɗaya: sai ni na duba babur ɗin na ce lafiyarsa lau. Hujjarta ita ce na karanta injiniyanci. Na karanta kam, amma aikina lissafin ɗumi da iska ne a gine-gine, a gaban kwamfuta. Ban taɓa kwance injin babur ba. Da na gaya mata haka sai ta ce, "To me suka koya maka duk shekarun nan?"

Injin da yake so shi ne wanda ake kira two-stroke, dangin tsofaffin baburan acaɓa masu hayaƙi, wanda fetur da baƙin mai suke ƙonewa tare. Gininsa mai sauƙi ne, sai dai fistan ɗinsa yana cinyewa da wuri, kuma idan aka bar shi ya gaji yakan buga ba sanarwa. Injin mota in ya buga sai ka gangara gefen titi. Injin babur in ya buga mutum yana kan tudu zai yi tsalle, tayar baya ce take kullewa. Wannan hoton ne ya yi ta zuwa mini a makonnin da na yi ina karatu a kan lamarin.

Abin da na fahimta, kuma ina iya yin kuskure, shi ne masu hawa sun kasu biyu. Masu son babur ɗan Japan suna cewa tsarinsa ya daɗe bai canja ba, kafireto ne da kik da wayar kuloci, babu abin da zai lalace wanda ba za ka gani da idonka ba, kayan gyara kuma ko'ina akwai. Masu son ɗan Turai suna cewa ya fi sauƙin nauyi, birkinsa da kulocinsa sun fi kyau, da maɓalli ake tayar da shi, wasu ma su da kansu suke auna mai da fetur. Sai na farkon su ce duk waɗannan wayoyi da na'urori ƙarin abin lalacewa ne. Sai na biyun su ce nasu ma ba ya lalacewa in ana kula da shi. Kowa da labarin wani abokinsa. Abu biyu kawai na ga sun haɗu a kai game da sayen na hannu: ka tayar da injin yana sanyi, domin ɗumi yana ɓoye lahani, sannan ka cire salansa ka leƙa fistan ta ramin da fitila.

Babur biyu za mu gani. Ɗan Japan yana wata gona kafin a kai Birmingham, wurin wani Bature da muka gani a talla. Ɗan Turai kuwa yana cikin Birmingham, a gidan aminin Baba tun suna samari a Zariya, wanda muke kira Baffa. Na ɗansa ne da ya samu aiki a Scotland ya bar shi. Baffa da kansa ya kira Baba ya ce ya ajiye wa yaron.

Babbar hanyar M6 da safe ba ta da laifi. Manyan motoci a hannun hagu suna watso ruwa, gonaki kore shar, tumaki tsaye a cikin ruwan sama ko a jikinsu. Mun tsaya a wurin hutun matafiya bayan mun wuce Stoke. Kuɗin shayi ɗaya a wurin zai sayi kwalin ganyen shayi guda a kasuwar Longsight, har da canji. Abokina ya ɗauko fulas daga ƙarƙashin kujera da ƙosan da matarsa ta soya, muka ci a mota gilashi na yin gumi. Ƙanena bai ci ba, yana ta kallon hotunan babur ɗin Baffa a waya.

"Yaya, look at it. Kamar sabo fa."

"Hoto ne," na ce.

"Kai komai hoto ne," ya ce, da Hausarsa mai ƙamshin Manchester.

Hanyar gonar siririya ce, shinge dama da hagu, in mota ta taho sai ɗaya ya ja da baya. Mai babur ɗin wani ƙaton dattijo ne mai aikin gini, da takalmin roba har gwiwa. Ko gaisuwar kirki ba mu yi ba ya ja mu rumbu. Babur ɗin na jingine, taɓon hawan ƙarshe a bushe a jikinsa, robobinsa duk sun kwarzane. Na ɗora hannu a kan injin, sanyi ƙalau. Ƙanena ya hau ya buga kik, a bugu na uku ya tashi da wata ƙara kamar ana yaga kwano, hayaƙi mai shuɗi ya cika rumbun, kaji suka watse.

Da muka kashe na fara kame-kame, ina neman yadda zan ce ina so in cire salansa. Mutumin bai bari na ƙarasa ba, ya miƙo mini sufana da ƙugiyar cire sifirin, ya ce shi ma ba zai sayi babur ba tare da ya leƙa ba. Na durƙusa a kan ciyawa na yi yadda na gani a bidiyo. Fistan ɗin sumul yake, babu zane. Ba wai babur ɗin ba shi da matsala ba ne. Shokazobar gaba tana yoyon mai, tayar baya tana ɗan girgiza in an jijjiga ta, sarƙar ma ta kusa. Amma duk abin da ke damunsa a fili yake, kuma a iya sanina gyara ne mai sauƙi. Na ji zuciyata ta kwanta da shi. Ƙanena kuwa sai yatsina fuska yake, wai tsoho ne. Muka ce wa mutumin za mu kira shi da yamma.

Shiga Birmingham sai da addu'a. Akwai wata mahaɗa da gadoji suka hau kan juna hawa-hawa, ka ga titin da kake so a ƙarƙashinka amma ba ka san ta inda ake sauka ba. Mun zagaya sau biyu. Ni kuma ina ta tuna wa abokina harajin hayaƙi da ake sa wa tsofaffin motoci a tsakiyar gari, har ya ce in na sake magana zai sauke ni a kan gada. Daga nan muka bi ta wani dogon titi mai shagunan atamfa da abaya da alawar Indiya, da mahauta, da gidajen abinci suna jere. Ya yi kama da Longsight, sai dai ya fi tsawo, kuma masu fakin sun fi rashin tsoro.

Gidan Baffa yana wata unguwa shiru mai bishiyoyi. Tun kafin mu tsaya na ji ƙarar. Ƙofar gareji a buɗe, Baffa tsaye da jallabiya da rigar sanyi a kai, yana murza totur, babur ɗin yana ƙyalli ruwa na ɗiga daga jikinsa.

"Sannunku da hanya, 'ya'yana! Tun safe na wanke muku shi, na ɗumama shi, kada ku zo ku sha wahala."

Na san ba yaudara ba ce. Baffa akanta ne, mutum ne da ko tsinke ba zai ɓoye maka ba. Abin da duk dattijon kirki zai yi wa baƙo ya yi, kamar yadda ake share ɗaki a kunna turare. Kuma ya saba da al'adar gida, inda ake ɗumama mota da janareta kowace safiya don kada su kwanta. Amma a cikin karamcin nan ya goge mini duk abin da na zo dubawa. Injin da zafi, yoyo in akwai an wanke, salansa kuma ko taɓa ta ba za a iya ba. Ƙanena ya riga ya hau, bakinsa har kunne.

Sai na yi abin da na iya, wato jan lokaci. Na gaida Baffa gaisuwa mai tsawo, na tambayi mutanen Zariya gida-gida, har waɗanda ban sani ba. Anti, matarsa, ta kawo tuwon shinkafa da miyar taushe da naman rago, na ci na ƙara, na sake ƙarawa, har ta ce ashe yaron nan ba ya samun abinci a Manchester. Na tayar da zancen council tax, harajin gida, Baffa ya yi bayani mai tsawo. Muka yi azahar. Aka kawo shayi. Abokina ya matso kusa da kunnena.

"Mutumina, in injin kake jira ya huce, ya huce. In ka ƙara malmala ɗaya kai za mu ɗauka a bayan van."

A gareji na danna maɓalli, injin ya tashi nan take. Ƙanena ya dube ni da idon nasara. Amma na ji wata 'yar ƙara a ƙasan babbar ƙarar, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ban tabbata ba. Wataƙila haka irinsu suke yi. Wataƙila kunnena ne ya ƙirƙira saboda tsoro. Na kashe shi da sauri kafin salansar ta ɗau zafi, na tsaya ina kallon ƙasa.

Wanda ya tashi a gidan Hausawa zai gane inda na tsaya. A gonar Bature na kwance babur ban ji komai ba, domin ban san shi ba, shi ma bai san ubana ba. A nan kuwa mutumin da ya yi mini huɗuba ranar da aka haife ni ne, yanzu na tashi daga kan tuwonsa, ya ce babur lafiyarsa lau. In na ɗauko sufana, na ce maganarsa ba ta isa ba ke nan, a gidansa, a gaban matarsa. Na hango wayar da zai yi wa Baba. Na kuma hango ƙanena a sama, tayar baya a kulle.

"Baffa, a yi mini afuwa," na ce. "Mama ce ta ɗora mini nauyin duba shi. Akwai wani wuri a ciki da ba a gani sai an cire salansa. Ba wai ina shakka ba ne."

Baffa ya dube ni. Murmushin bai tafi ba, amma ya canja.

"Ɗana, babur ɗin ɗan'uwanka ne fa. Ba a kasuwa kake ba."

"Haka ne, Baffa."

"Yaya, leave it mana," in ji ƙanena, yana ja mini hannun riga.

Anti na tsaye a ƙofar kicin da tire a hannu. Ta ce, "Alhaji, bar yaro ya yi aikin da uwarsa ta sa shi. Ko so kake Hajiya ta kira ni?"

Baffa ya ɗaga hannu kawai, ya koma gefe ya harɗe hannuwa. Sifirin ɗin sun ƙi fita, ɗaya ya fauce ya buga a ƙofar gareji, abokina ya bi shi da rarrafe. Ina ta addu'a a zuci, kuma gaskiya ban san me nake roƙo ba. In fistan ɗin lafiya lau, na ci fuskar Baffa a banza. In ba lafiya ba, sai na faɗa masa.

Na haska fitilar waya. Layuka ne a tsaye a jikin fistan ɗin, daga sama har ƙasa, wasu masu zurfi, kamar an ja ƙusa a jikin cokali. Ko ni da ban taɓa gani ba sai a hoto na san wannan ba daidai ba ne. Na cire kujera na ɗaga soson da ke tace iska. A jiƙe yake sharkaf, bayansa kuma, inda ya kamata a ce tas yake, akwai yashi-yashi.

Baffa ya sa gilashinsa, ya tattare jallabiya ya durƙusa a kan siminti kusa da ni. Ya daɗe yana leƙawa.

"Waɗannan zanen fa?"

"Bai kamata a gan su ba, Baffa."

"In an hau a haka?"

"Zai iya yin wata guda. Zai iya bugawa gobe. Ban sani ba."

Ya taɓa soson da yatsa, ya dubi tiyon ruwan da ke naɗe a bango.

"Duk Asabar nake wanke shi," ya ce a hankali. "In gama in tayar da shi. Tun da yaron ya tafi."

Na ce mai yiwuwa tun a hannun ɗansa abin ya fara, domin yashi daga fili yake zuwa, kuma wannan gaskiya ce. Ban ce ruwan bai ƙara ba, domin ban san haka ba. Baffa ya miƙe da ƙyar, ya kakkaɓe gwiwa, ya dubi ƙanena tun daga sama har ƙasa kamar yau ya fara ganinsa.

"Ku sa shi a mota."

"Baffa, ai ba mu yi magana ba tukuna."

"Babu maganar da za a yi. Ba na sayarwa. Abin da ya tara ya gyara da shi. Kai kuma," ya nuna ni, "kada ka bari ya ɗora ƙafa a kai sai an canja abin nan."

Na buɗe baki zan ce wani abu game da ɗan Japan da ke jiranmu a gona, sai Anti ta harare ni daga bakin ƙofa, na rufe. Kyautar Baffa ba a mayar da ita, balle a irin wannan rana. Muka tura babur cikin van muka ɗaure da igiya, salansar a naɗe cikin tsohon bargo. Anti ta haɗo mu da dambun nama da sauran miya a roba. Baffa ya raka mu har titi, ya yi mana addu'a, amma bai yi barkwancin da ya saba ba.

Komawa ta fi zuwa tsawo. An rufe layi ɗaya wajen Stafford, muka yi ta rarrafe, fitilun birki ja har iya gani. Na aika wa mai gonar saƙon ban haƙuri, ya amsa da kalma biyu, babu ɓacin rai. Ƙanena ya ƙi yi mini magana har muka wuce Stoke, domin ya riga ya gaya wa abokansa Lahadi zai fito da sabon babur. Duk lokacin da van ya faɗa rami sai in waiga in duba igiya. Na kuma yi ta jiran wayar Baba, ba ta zo ba, rashin zuwan nata ya fi damuna.

Da isha muka iso. Ban bari an sauke babur a Longsight ba. Levenshulme muka kai shi, muka cusa shi a siririn zauren flat ɗina, inda yanzu sai na karkace nake shiga kicin, na cire fulogi na sa a aljihu. Sannan muka je gida. Mama na zaune a falo da carbi.

"To, Injiniya, lafiyarsa lau?"

"A'a," na ce. "Ba zai hau ba sai an gyara."

Ta dube ni, ina jin tana jiran "amma" da "wataƙila" da na saba, ba su zo ba. Baba ya ce Baffa ya kira shi tun muna hanya. Na tambayi me ya ce. Baba ya ce, "Ya ce ka ci tuwo malmala uku."

Ga masu tambayata wanne ya fi ƙarko, ɗan Turai ko ɗan Japan, babur biyu kawai na gani, ba zan yanke hukunci da su ba. Ɗan Japan ɗin ya fi tsufa da datti, cikinsa lafiya. Ɗan Turan ya fi ƙyalli, cikinsa ya ci. Amma ina jin da an musanya masu su, da sakamakon ma ya musanya. Wanda ya san lokacin canja fistan, yake wanke soso, yake toshe ramuka kafin ya watsa ruwa, kowanne ya riƙe zai yi masa aiki. Har yanzu ina ganin ɗan Japan ya fi sauƙi ga mai koyo irina, domin komai nasa a fili yake, kodayake wannan ma ra'ayi ne. Abin da na tabbatar shi ne leƙa fistan ba wuya, sifirin biyu ne da 'yan ƙusoshi. Neman izinin leƙawa a gidan wanda kake jin nauyinsa shi ne aikin, kuma babu bidiyon da ya koya mini shi.

An kai injin wurin wani makaniki da ya san irinsu, ya ce silindar da fistan yake kai-komo a ciki ma sai an gyara cikinta. Ƙanena yana zuwa flat ɗina da yamma ya zauna a kan gangar jikin babur ɗin yana danna waya. Kwana biyu ban ji daga Baffa ba, har na fara tsara yadda zan je in ba shi haƙuri. Jiya ina ofis sai ga kiransa. Na fita waje na ɗauka. Ko sallamar kirki bai gama ba ya tambayi lafiyar babur ɗin da barkwancin da ya saba, "Ɗana, ya mai jiki?"